Mene ne ma'anar 205/55 R16 da ke rubuce a jikin taya?

Idan ka je sayen taya, mai shago zai ce maka, "Alhaji, wace lamba?" Yawancinmu sai mu ce "sha biyar" ko "sha shida", shi ke nan. Wannan amsa ba ta cika ba, domin girman rim kaɗai ka faɗa. Cikakken bayanin yana nan rubuce a gefen tayar, kamar 205/55 R16 91V, kuma kowane ɓangare da aikinsa.

Lambar farko, 205, faɗin tayar ne da milimita. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren da ke cikinta, wato irin ƙirar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, wadda kusan duk ƙananan motoci ke takawa a yau. Sai 16, girman rim da inci. Ita kuwa 91 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka take nufi, kilo 615, V kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 240 a awa. Da H ce, da 210 ke nan, T kuma 190.

Lambar tsakiya, 55, ita ce aka fi tsallakewa, alhali ita ke yanke hukuncin yadda za ka ji motarka. Ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 55 cikin 100 ne na faɗinta, wato kusan milimita 113. Wannan roba da iskar da ke cikinta su ne ke fara shan duka kafin ya isa kayan ƙafar mota, kafin ya isa bayanka.

Ɗauki Corolla, wadda ke cike da titunanmu. Akwai mai zuwa da 195/65 R15, akwai mai 205/55 R16. Ta farko gefenta ya kai milimita 127, ta biyu 113. Idan matashi ya ga rim 18 mai walƙiya ya saka 225/40 R18, gefen ya koma milimita 90 kacal. Irin wannan ce ake kira lo-furofayil. Tsayin tayoyin uku gaba ɗaya kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce 'yan milimita ba. Ƙarfe ne ya ƙaru, roba ta ragu.

Masu son siririn gefe ba su yi ƙarya ba. Taya mai gajeren gefe ba ta lanƙwashewa sosai a kwana, sitiyari yana amsawa nan take, motar kuma tana kama titi idan kwalta ce mai sumul. Ga kyau a ido. Don haka ne ake saka wa motocin gudu irinta. Amma an yi wannan lissafi ne da hanya mai kyau a zuci. A hanyar da rami ke iya fito maka bayan kowace kwana, musamman da damina ruwa ya rufe shi, wannan milimita 37 da ka sadaukar, daga 127 zuwa 90, ita ce tazarar da ke tsakanin ka wuce lafiya da ka lanƙwasa rim. Idan taya ta matse tsakanin bakin rami da rim, zaren cikinta ne ke tsinkewa, bayan kwana biyu ka ga kumburi ya fito a gefe. Kumburin nan ba ya facuwa. Duk mai facin da ya ce zai gyara maka shi, kada ka yarda, tayar ta gama aiki, kuma tana iya fashewa kana tsakiyar gudu da iyali a ciki. Ni dai a ganina, mai motar da ke zirga-zirga tsakanin gari da ƙauye, ko mai ɗaukar tsofaffi da yara, babu abin da zai ƙaru da shi a rim 18 da ya kai abin da zai rasa. Ga tsada wajen saye, ga wahalar samu idan ta fashe maka a ƙaramin gari.

Wanda ya nace sai ya canza, to ya kiyaye tsayin tayar gaba ɗaya ya zauna yadda kamfani ya tsara. Idan ta fi tsayi, maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi, kuma tana iya gugar bodi idan ka murza sitiyari har ƙarshe. Kada kuma lambar nauyi ta gaza ta asali.

Akwai wasu abubuwa biyu da za ka duba da kanka, ba sai da bakanike ba. Bayan haruffan DOT, a ƙarshen layin, akwai lambobi huɗu. Idan ka ga 2321, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen 'yar gwanjo, domin zane yana iya zama da saura alhali roba ta bushe ta fara tsattsagewa. Akwai kuma darajar jure zafi, A ko B ko C, A ce kan gaba. Ga wanda ke bin hanyar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan harafi ba ado ba ne.

Batun iska kuma, lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bugawa ba. Wadda ta dace da motarka tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko cikin murfin tanki. Ka nuna wa mai faci ita, kuma a auna da safe kafin tayar ta yi zafi.