Waiwaye: me ke sa jijiyar wuya sake tsukewa bayan an sa mata raga?

Nan Gusau in anka ce wane ya samu shanyewar ɓarin jiki, hawan jini kowa ke zargi, kuma gaskiya shi ne kan gaba. Amma akwai waɗanda matsalarsu a wuya take, jijiyar karotid mai kai jini ƙwaƙwalwa ce kitse ya tsuke. Masu hali akan fita da su waje a sa musu sitent, 'yar ragar ƙarfe da ke riƙe hanyar a buɗe, su dawo ana ta barka da arziki, to amma wasu bayan shekara guda ko biyu sai awo ya nuna wurin ya sake matsewa.

Tun 1951 Miller Fisher, likita ɗan Kanada, ya danganta toshewar wannan jijiya da shanyewar jiki. A 1954 Eastcott da abokan aikinsa a Landan sunka bayyana tiyatar da sunka yi mata, daga nan yanka ya zama shi ne magani shekara da shekaru. Klaus Mathias a Jamus ya fara buɗa ta da balan-balan wajen ƙarshen shekarun 1970, raga ta biyo baya, Amurka ta amince da ita a 2004.

Ni dai inda labarin ya fi jan hankalina wajen masu nazarin gudun jini ne. Colin Caro a Landan tun 1969 ya ce kitse ba inda jini ke gudu da ƙarfi yake taruwa ba, inda gudun ya lafa ne. A 1983 wasu masu bincike, Zarins da Glagov da Giddens, sunka duba daidai inda karotid ta rabu biyu, inda reshen ciki ke da ɗan kumburi, sunka tarar bangon waje nan ne jinin ke tafiyar hawainiya har ya riƙa juyowa baya, kuma nan ɗin ne kitsen ya fi kauri. Duk wanda ya san gulbin Argungu ya san a kwanar da ruwa ya lafa rairayi ke kwanciya. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin jijiya suna jin gogar jini, in gogar ta yi rauni ko tana kai da komo sai su rage sinadarin da ke kare bangon.

To ita raga ba ta goge wannan ba, wani sa'in ma ƙara shi take. Jijiyar wani a karkace take, raga ta miƙar da ita, lanƙwasar ta koma bakin ragar, jini ya shiga juyi a can. In kuma ba ta buɗe sosai ba tun ranar aiki, saura ya rage, shi ma yana jawo dawowar tsukewar. Abin da ke cika wurin a shekarun farko galibi ba kitse ba ne, tabo ne, naman bangon ke tsirowa ta cikin ragar.

Binciken CREST na Amurka da Kanada, mutum 2,502, ya nuna a 2012 cewa tsukewa mai tsanani bayan shekara biyu kusan kashi 6 cikin ɗari ce, ko raga ko yanka, kuma ta fi samun mata da masu ciwon suga da masu kitse a jini. Wani binciken kuwa mai suna ICSS, shi ma mai kwatanta raga da yanka, a 2018 ya samu tsukewa matsakaiciya ko fiye ta fi yawa ga masu raga, wajen kashi 40 a shekara biyar, masu yanka wajen 30.

Yanzu ana ɗaukar hoton jijiyar mutum a zana gudun jininsa a kwamfuta don a hango inda za ta matse, sai dai abin bai fita daga ɗakin bincike sosai ba. Abin da ke damuna a nan gida shi ne mutum ya dawo ya aje magungunan hana daskarewar jini don ya ji sauƙi, ba ya komawa sikanin wuya. Kuma don Allah a gaya wa mai sikanin akwai raga a ciki, domin tana sa jijiya tauri jinin ya ƙara gudu, in an auna da ma'aunin wanda ba shi da ita sai a ce ta toshe alhali lafiya lau take.