Acclamator: ma'anar sunan jirgin jigilar sojoji na Star Wars

Duk wanda ya zauna cikin masu hirar Star Wars, jerin finafinan yaƙin sararin samaniya, zai ji suna jefa sunayen jirage kamar masu cinikin motoci a tasha: wannan Venator ne, wancan Acclamator ne. Na biyun shi ne aka fi rikita shi, domin mutane da yawa suna ganinsa sai su ce ai Star Destroyer ne, wato dodon jirgin nan mai siffar kan mashi na Daula, gwamnatin kama-karya ta labarin. Ba shi ba ne. Acclamator jirgin jigilar sojoji ne, kuma ya girmi wancan a tarihin labarin, ko da yake a tarihin fitowar finafinan shi ne ƙane.

Kalmar daga Latin take. Tushenta acclamare, wato ɗaga murya a yi wa mutum shewa ta amincewa, don haka acclamator shi ne mai yin shewar. A tsohuwar Rum, idan kwamanda ya ci babban yaƙi, sojojinsa kan taru su ɗaga murya su kira shi imperator, kuma daga wannan laƙabi ne kalmar sarkin daula ta samo asali a harsunan Turai da dama. Daga baya ma shewar sojoji ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin naɗa sarkin Rum. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An fara ganin jirgin a fim ɗin Attack of the Clones na George Lucas, wanda ya fito a 2002. A lissafin masu labarin, abin ya faru ne shekara 22 kafin Yaƙin Yavin, domin daga wannan yaƙi suke ƙirga shekarunsu gaba da baya. A lokacin Jamhuriya, tarayyar duniyoyin da daga baya ta rikiɗe ta zama Daula, ta yi kusan shekara dubu ba ta da rundunar soja ta tarayya, 'yan Jedi, mayaƙa masu tsaron zaman lafiya, ne ke kashe wutar rigingimu. Sai ga Count Dooku, jagoran 'yan aware, ya ja dubban duniyoyi sun ɓalle, da sojojin ƙarfe jibge a masana'antunsu. Ana cikin neman mafita Obi-Wan Kenobi, ɗaya daga cikin 'yan Jedi, ya gano cewa a duniyar Kamino, wadda ruwa ya mamaye, an shafe shekara goma ana ƙyanƙyashe sojojin kwafi daga ƙwayar halittar mutum ɗaya, Jango Fett, bisa odar da aka ce wani Jedi mai suna Sifo-Dyas ne ya bayar. Dubu 200 sun kammala, miliyan guda na tafe.

To amma soja ba ya tashi sama da ƙafa. Wanda ya yi odar mutanen dole ya yi odar abin da zai kwashe su, kuma a nan Acclamator ya shigo. Kamfanin Rothana Heavy Engineering, reshen babban kamfanin ƙera jirage na Kuat Drive Yards, shi ne ya ƙera su a ɓoye, tare da tankokin yaƙi da ƙananan jiragen rundunar. Ni a wurina wannan ya fi zancen sojojin ban tsoro. Ana iya ɓoye mutane a duniyar da aka goge daga taswira irin Kamino, amma a ƙera jirage irin waɗannan shekara da shekaru, a biya kuɗinsu, Majalisar Dattawa ba ta sani ba? Ranar da aka buƙace su kuwa ba wanda ya tsaya tambayar daga ina suka fito. Mai jin ƙishirwa ba ya tambayar wa ya haƙa rijiya.

Littattafan bayanin kayan fim ɗin sun ba da girmansa dalla-dalla. Tsawonsa mita 752, wato filin ƙwallo bakwai a jere da ɗan ɗoriya. Ma'aikatansa 700 ne kacal, amma cikinsa na ɗaukar sojoji 16,000, da tankoki masu ƙafa shida samfurin AT-TE guda 48, da ƙananan jiragen sauke sojoji samfurin LAAT guda 80, da manyan igwa masu tafiya da kansu guda 36, da baburan shawagi 320. Idan ka yi lissafi, jirgi goma sha uku sun isa su kwashe sojojin farko dubu 200 har wuri ya yi saura.

Abin da ya raba shi da manyan jiragen Daula na baya shi ne yana sauka ƙasa. Yakan ratsa iskar duniya, ya miƙe ƙafafunsa, ya sauke gadar fita, runduna ta zubo da tankokinta. Yana da bindigogi da makamai masu linzami, yana iya luguden wuta daga sama kafin saukar, amma ba don kokawa da jiragen yaƙi a sararin samaniya aka yi shi ba. Aikinsa ya kai kaya inda ake buƙata. A duniyar Geonosis, inda aka fara Yaƙin Kwafi tsakanin Jamhuriya da 'yan aware, su ne suka kawo rundunar da Yoda, babban malamin 'yan Jedi, ya ɗauko daga Kamino lokacin da sojojin ƙarfe suka yi wa ragowar 'yan Jedi ƙawanya a filin dambe.

Rauninsa ma daga wannan baiwar yake. Jirgi mai wannan girma idan ya sunkuyo zai sauka, ya zama abin hari ga duk wanda ya kafa igwa a ƙasa. A shirin zane na The Clone Wars da aka fara a 2008 an nuna haka a yaƙin duniyar Ryloth: igwar 'yan aware ta hana jiragen sauka, sai da Obi-Wan ya shiga da ƙaramar tawaga ya lalata su, alhali an jera mutanen garin kewaye da bindigogin a matsayin garkuwa.

Da yaƙin ya koma na jirage a sararin samaniya, sai Venator ya karɓe gaba. Sunansa shi ma Latin ne, ma'anarsa mafarauci. Tsawonsa mita 1,137, cike da ƙananan jiragen yaƙi, shi ne ya cika allo a farkon Revenge of the Sith a 2005. Bayansa kuma aka sami Star Destroyer na Daula mai mita 1,600. Acclamator bai ɓace ba, ya koma aikin dako da rakiya, har a wasan kwamfuta na Empire at War na 2006 yana cikin jiragen Daula. Sai dai mai bin diddigi ya sani cewa bayan Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, a 2012, an ware tsofaffin littattafai da wasanni a 2014 aka ba su suna Legends, don haka wani ɓangare na tarihin jirgin ba ya cikin labarin da ake ɗauka na hukuma yanzu. Rabin gardamar masoya daga nan take tasowa.

Mu koma ga sunan. 'Yan kallon 2002 sun riga sun san siffar kan mashin nan tun 1977, lokacin da fim na farko ya buɗe da Star Destroyer yana bin ƙaramin jirgin 'yan tawaye. Don haka a ƙarshen Attack of the Clones, da aka nuno dubban sojoji sanye da fararen sulke suna shiga jiragen Acclamator masu irin wannan siffa a Coruscant, babban birnin Jamhuriya, jiragen suna tashi ɗaya bayan ɗaya da kiɗan Daula a ƙarƙashi, mai kallo ya gane abin da yawancin mutanen da ke tsaye a baranda ba su gane ba. Palpatine, shugaban Jamhuriya, na tsaye yana kallo, bai daɗe da karɓar ikon dokar ta-ɓaci daga hannun 'yan majalisa cikin tafi ba. Sanata Bail Organa na gefensa ya sunkuyar da kai. Shekara uku bayan nan, sojojin da waɗannan jirage suka rarraba a duniyoyi su ne suka juya bindiga kan 'yan Jedi da aka ba su umarni mai lamba 66, majalisar kuma ta sake miƙewa tana shewa ranar da Palpatine ya naɗa kansa sarki.