Waakye ba kalmar Tuwi ba ce, wake ne ya sauya riga

Da safe a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, wani yaro ya miƙa wa mai abinci kwano ya ce, "Hajiya, a zuba min wace, a sa ƙwai da taliya." A jikin allonta kuwa an rubuta waakye. Da yawa sun daɗe suna ɗauka wannan suna na Asante ne, har da wasu 'ya'yan zango da aka haifa a nan.

Rubutun ne ke ruɗin mutane. A ƙa'idar rubutun Tuwi, harshen Asante masu garin Kumasi, "ky" sauti ne mai kama da "c" ɗinmu, kamar a sunan garin Kyebi. Asalin kalmar wake ce, daga shinkafa da wake. Baki ya gajarta, shinkafa ta faɗi a hanya, wake ya koma wace, sannan aka rubuta shi da haruffan masu gari. A Benin ma ana jin watché, da rubutu irin na Faransanci.

Ma'anar ma ta goce. Bakano in ya ce wake, ƙwayar yake nufi, ɗanya ko dafaffiya. A Gana kuwa waakye dafaffen abinci ne sukutum: shinkafa da wake a tukunya ɗaya, da karan dafi mai ba shi jan launin nan, wani lokaci da ɗan kanwa. Ka je kasuwar Kejetia ta Kumasi ka ce a auna maka waakye a mudu, dariya za a yi maka.

Ƙosai ma haka ya zama koose, tuwo mai zafi ya zama tuo zaafi.