Kwiz da fom ɗin jin ra'ayi: me ake nufi da su?

Idan malami ya ce "zan turo muku linki ku cike", ɗaya daga cikin abu biyu yake nufi: kwiz ko fom ɗin jin ra'ayi. A ido kamarsu ɗaya, tambayoyi ne a jere a waya ko kwamfuta, ɗalibi ya taɓa amsa ya tura. Aikinsu ne ya sha bamban.

Fom ɗin jin ra'ayi ba ruwansa da amsar daidai ko ta kuskure. Tambaya ce irin "wane darasi ya fi ba ka wuya a zangon nan?" Manhajoji irin su SurveyMonkey, wadda aka kafa a 1999, don wannan aka yi su. Ana iya saita fom ɗin ya karɓi amsa ba tare da suna ba, kuma a nan ne nake ganin amfaninsa. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba sai ta samu bakin cewa tun makon jiya aka bar ta a baya.

Shi kuwa kwiz gajeren gwaji ne. Malami yakan shigar da amsoshin daidai tun farko, ya yanka wa kowace tambaya maki, manhaja ta duba da kanta. A 2016 aka ƙara wa Google Forms, manhajar Google ta haɗa fom, wannan tsari. Kahoot!, wadda ta fito daga Norway a 2013, gasa ta mayar da abin: tambaya na kan babban allo, ɗalibai su shiga da lambar wasa, wanda ya riga ba da amsar daidai ya fi samun maki. Aji yakan ɗauki ɗumi, amma ina da ja a nan, domin mai tunani a tsanake shi ake cuta. Gara malami ya ƙara lokacin kowace tambaya.

Abin da ya fi makin daraja shi ne jadawalin da ke fitowa bayan an gama. A ce an tambayi ɗalibai 40 nawa ne 1/2 a tara da 1/3, sai 25 suka zaɓi 2/5 maimakon 5/6. Wannan ba canki-canka ba ne. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma malami ya san inda zai fara gobe da safe tun kafin ya bar aji.

Sai dai manhaja abin da aka ba ta kawai ta sani. In malami ya shigar da "5/6", ɗalibi ya rubuta "biyar bisa shida", kuskure za ta ba shi. Duk tambayar da ɗalibi ke rubuta amsarta da kansa maimakon ya zaɓa, dole malami ya bi ta ɗaya bayan ɗaya kafin ya saki sakamako.