Allurar ciwon kafaɗa: a kube ake zuba maganin, ba a cikin jijiya ba

Jama'a, akwai ciwon kafaɗa da mutum zai nuna maka da yatsa ɗaya, nan gaba daidai saman damtse, in ya ɗaga hannu sama ko ya ɗauki kaya sai ya ji kamar an soke shi, wani ma da dare ba ya iya kwanciya ta ɓangaren. Sau da yawa jijiyar ƙwanji ce ta kumbura. Doguwa ce, tana bi ta wani ɗan kwarmi a jikin ƙashin damtse ta shige cikin gaɓar kafaɗa, kuma tana da rufi kamar wuƙa a cikin kube.

In an sha magani an yi gashi da motsa jiki abin ya ƙi, likita kan ce a yi allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, haɗe da maganin kashe zafi. To a nan nake so ku buɗe kunne. Cikin kuben ake so maganin ya zauna ya kewaye jijiyar, in allura ta shiga cikin jijiyar kanta tana raunana ta har wata rana ta tsinke, sai ka ga ƙwanji ya zazzago ƙasa ya dunƙule. Kuben nan siriri ne sosai, ga wata 'yar jijiyar jini a gefensa, shi ya sa ake ɗora na'urar sikanin, likita na kallon bakin allurar a allo har ta isa. A wani bincike a Japan a 2011, mutum 13 cikin 15 da aka yi musu da sikanin maganin ya zauna daidai a kube, waɗanda aka yi musu da lalube kuwa 4 ne kawai cikin 15. Ni dai in ɗan'uwana ne, zan ce ya tambaya ko da sikanin za a yi.

Aikin 'yan mintuna ne, ka tafi gida. Zafi zai ɗauke nan take saboda maganin kashe zafin, ya dawo bayan 'yan awoyi, wani ma ya ƙaru kwana 1 zuwa 2 kafin sitiroyid ɗin ya fara aiki, kada hankalinka ya tashi. Mai ciwon suga ya faɗa wa likita tun kafin a fara, don suga na hawa na wasu kwanaki, haka mai shan maganin tsinka jini. Fatar wurin tana iya yin fari-fari ko ta ɗan loɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya ji sauƙi sai ya koma ɗaukar kaya washegari, ya watsar da motsa jikin da masu fisiyo, wato ma'aikatan gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, suka koya masa, bayan wata biyu ya dawo neman wata allura. Ba a yawaita ta, likitoci da yawa ba sa wuce 3 a shekara a wuri ɗaya. Ka hutar da hannun daga kaya mai nauyi kamar sati 2. In kuwa wurin ya yi ja, ya kumbura, ga zazzaɓi, kada ka jira gobe, koma asibiti a ranar.