Masu Tsaron Hasumiyar Fitila a Teku

Hasumiyar fitila doguwar hasumiya ce da ake ginawa a gaɓar teku ko a kan wani dutse a tsakiyar ruwa, a ɗora mata fitila a ƙoli domin jiragen ruwa su gane hanya da dare su kauce wa duwatsu. Kafin a ƙirƙiro fitilu masu kunna kansu, mutane ne ke kwana suna gadin wutar. A Ingila hukumar Trinity House, wadda Sarki Henry na Takwas ya ba takardar izini a 1514, ita ta riƙa kula da mafi yawansu.

Aikin ba shi da wuyar fahimta, sai dai ba ya ƙarewa. Da faɗuwar rana a kunna fitila, ba a kashe ta sai gari ya waye, ana gadi karɓa-karɓa. A hasumiyar Eddystone da John Smeaton ya kammala a 1759 kyandir 24 ake kunnawa. Daga baya aka koma fitilar mai, sannan kananzir. Mai gadi zai datse lagwani cikin dare, don lagwanin da ya yi tsawo hayaƙi yake yi, ya lulluɓe gilashi da kunkunniya. Bayan Augustin Fresnel ya fito da gilashinsa mai tattara haske, wanda aka fara sawa a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823, sai aiki ya ƙaru: kowane gefe na gilashin sai an goge shi da hannu da safe. Abin da ke juya fitilar kuwa wani nauyi ne da ke sauka a hankali ta tsakiyar hasumiya, kamar na tsohon agogon bango, kuma dole a naɗo shi sama kafin ya kai ƙasa. Idan hazo ya rufe teku, a koma kaɗa ƙararrawa ko busa ƙaho har ya washe.

Masu gadi a Faransa sun kasa hasumiyoyi gida uku: ta kan tudu aljanna, ta tsibiri tsakatsaki, ta tsakiyar teku kuwa jahannama. Wanda ke kan tudu yana zaune da iyalinsa, har ya yi ɗan lambu. Na kan dutse yana iya share watanni a ɗakunan da ke zagaye, gadonsa ma a lanƙwashe yake don ya bi bango, kuma idan teku ta yi fushi jirgin da ke kawo masu canjinsa ba ya iya matsowa.

Abin da ya fi nuna nauyin wannan kaɗaici shi ne abin da ya faru a hasumiyar Smalls, kusa da Wales, wajen 1801. Mutum biyu ne a ciki, Thomas Howell da Thomas Griffith, kuma an san ba sa jituwa. Griffith ya rasu. Howell ya ji tsoron in ya jefa gawar a ruwa za a ce shi ya kashe shi, sai ya haɗa akwati ya ɗaure a jikin ƙarfen waje. An ruwaito cewa iska ta farfasa akwatin, hannun mamacin ya riƙa lilo a gaban taga. Duk da haka bai bar fitilar ta mutu ba har aka zo ɗaukarsa, ya fito kamar ba shi ba. Daga nan aka mayar da masu gadin irin waɗannan hasumiyoyi mutum uku.

Ukun ma ba su hana asara ba. A Disamba 1900 masu gadin tsibiran Flannan na Scotland, James Ducat da Thomas Marshall da Donald MacArthur, suka ɓace gaba ɗaya, ba a ga gawar ko ɗaya ba. Hukuma ta ɗauka cewa babbar igiyar ruwa ce ta share su.

Mata ma sun taka rawa. Grace Darling, 'yar mai gadin hasumiyar Longstone, ta shiga kwalekwale da mahaifinta cikin guguwa a 1838, aka ceto mutum 9 daga jirgin Forfarshire da ya yi haɗari.

Na'urori sun karɓe aikin sannu a hankali a ƙarni na 20. A Ingila masu gadi na ƙarshe sun sauka daga hasumiyar North Foreland a Nuwamba 1998.