Ɗalibin Mormon Ba Ɗan "Kowa Tasa Ta Fisshe Shi" Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa mabiya ɗariƙar Mormon, wani reshe na addinin Kirista, a Amurka 'yan jari-hujja ne zalla, babu ruwansu da talaka. Ganin attajirai irin su ɗan siyasa Mitt Romney a cikinsu ne ya ƙarfafa wannan zato, amma ba haka abin yake ba.

Ɗauki ɗalibi ɗan Mormon a Jami'ar Brigham Young da ke Provo, jihar Utah, wadda mallakar cocinsu ce. Ko share azuzuwa yake yi don samun na kashewa, ana sa ran ya fitar da kashi 10 cikin 100 na albashinsa ya ba coci. Da irin wannan kuɗi ake rage masa tsadar karatu. Ranar Lahadin farko ta wata kuma, shi da abokan ɗakinsa sukan yi azumi, su tsallake abinci sau biyu, su miƙa kuɗin abincin ga bishof, wato shugaban cocin unguwarsu, don mabuƙata.

Tun 1936 cocin ke da tsarin tallafi, da gonaki da rumbunan abinci inda mai buƙata ke karɓa kyauta. Sai dai 'yan Mormon sun fi son a taimaki mutum ya tsaya da ƙafarsa, shi ya sa da yawansu ke ɗari-ɗari da tallafin gwamnati.